Ranar Da Ɗalibaina Suka Sauko Da Ni Daga Gobarau

Ba zan taɓa mantawa da wata ranar Asabar ba, kuma ko na yi niyyar mantawar, akwai yara ashirin da biyu a Maraɗi da ba za su bari ba. Ga kuma Innata a Ƙofar Guga, wadda har gobe in ta ga na fara ɗaga kafaɗa a gaban baƙi sai ta ce, "A miƙo mashi tsani." Gara in ba da labarin da bakina, don na lura wanda ya tona asirin kansa ya rage wa maƙwabta aiki.

Ni dai karatuna ba mai zurfi ba ne. Da ƙyar na gama kwalejin horon malamai, Turancin ma sai da na maimaita jarrabawarsa. Na yi shekara biyu ina zaman majalisa ina gyara wa mutane takardun neman aiki, ni ban samu ba. Sai wani abokin kawuna mai kai kaya Nijar ya zo da labari cewa wata makarantar kuɗi a Maraɗi tana neman wanda zai koya wa ƙananan yara Turanci, tunda su can da Faransanci ake karatu. Aka ɗauke ni gwaji na shekara guda: in an ga amfanina in ci gaba, in ba a gani ba in tattara.

A ranar na je majalisa na sanar da cewa na samu aiki a ƙasar waje. Na sayi akwati mai taya, na bi gida-gida ina sallama kamar mai tafiya Makka. (Ga wanda bai sani ba, Katsina zuwa Maraɗi tafiyar da masu kai tumatir ke yi su dawo su ci tuwon dare a gida ce. Amma akwai iyaka, ana buga hatimi, kuɗinsu ma daban. Don haka ni a wurina ƙasar waje ce, kuma ban yarda kowa ya rage mini ko taku ɗaya ba.)

Gaskiya na ji daɗin zaman can. Ajina yara ne 'yan shekara shida zuwa bakwai. Kullum da safe nakan tare su a bakin ƙofar makaranta, mu jera, mu riƙa tsalle zuwa aji muna ƙirga takunmu da Turanci: wan, tu, tiri, har ashirin. Daga ƙofa zuwa ajin taku ashirin ne cif, shi ya sa ƙirgar tamu ba ta taɓa wuce nan ba. In mun shiga sai wasan tashi da zama, in ce su tashi, in ce su zauna, in ce su rufe ido, su taɓa kai, su taɓa gwiwa. Duk wanda ya yi daidai sai in ce, "Clap for him!" su kuma su yi masa irin tafin nan namu na firamare, mai kiɗa, wanda ake ƙarasawa da bugu ɗaya mai ƙarfi. Wannan tafin ni na kai shi makarantar, kuma yara sun so shi fiye da alewa.

Akwai wata yarinya Rakiya, 'yar siririya mai wushirya, wadda ba ta mantuwa. Duk abin da ka faɗa a gabanta ka ajiye shi ne a banki. Wata rana ƙadangare ya faɗo cikin aji, ta haye kan tebur ta ƙi saukowa, tana kuka. Na je na ce mata da Turanci ta zauna, ta rufe ido, muka ƙirga tare har ta sauko, aka yi mata tafi. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Ranakun hutu kuwa yawon buɗe ido nake yi kamar Bature. Na zaga babbar kasuwa lungu-lungu, na je tafkin Madarumfa na shiga kwalekwale (na riƙe rigar mai tuƙin tun daga tashi har dawowa, amma wannan bai fito a hoto ba), na je har Damagaram na tsaya a gindin manyan duwatsun nan na cikin birni. Kowane wuri sai na ɗauki hoto na tura wa 'yan majalisa, in rubuta a ƙasa, "Gaisuwa daga ƙasar waje." Wani abokina ya taɓa maido mini da amsa cewa in na tashi dawowa daga Turai in taho masa da cuku.

To ga inda laifina yake, kuma na amsa shi. Yaran nan duk Hausa suke ji, Hausar ma irin tamu ta Katsina. Da na ga Turanci ya fara yi mana nauyi, ni da su, sai in ajiye alli in ce, "Bari in ba ku labarin garinmu." Nan fa aji zai yi tsit. Kakanninsu da yawa suna ce musu asalinsu Katsina ne, don haka labarin yana shigarsu. Ni kuma da na ga ido ashirin da biyu sau biyu a kaina, sai Shaiɗan ya riƙa ƙara mini gishiri. Na ba su labarin ganuwa, da ƙofofi, da hasumiyar Gobarau, doguwar hasumiyar ƙasa da ke tsakiyar birni tun zamanin kakannin kakanni. Na ce musu muna yara kullum bayan la'asar can muke wasa. Na ce da gudu nake hawa, wani lokaci ido rufe. Na ce in ka kai ƙoli ka dubi arewa, kana hango Maraɗi, har ka gane rufin gidanku.

Astagfirullah. Ban taɓa hawa Gobarau ba. Ban taɓa shiga harabarta ba. An haife ni a Ƙofar Guga, na yi shekara kusan talatin ina hango kanta daga nesa in na ratsa cikin gari, kamar yadda kowane ɗan birni ke hangowa, amma ban taɓa cewa bari in je ba. Mu 'yan gari haka muke: abin baƙi ne. Ni da na biya kuɗin mota zuwa Damagaram don in ga dutse.

Ana saura wata guda shekara ta ƙare, shugabar makarantar, Hajiya Zainabu, ta kira ni ofis. Mace ce mai fara'a, amma in ta sauke tabarau zuwa kan hanci, ka san akwai magana.

"Malam," ta ce, "yara suna son ka, wannan ba shakka. Amma iyaye sun kawo kuka. Sun ce in an tambayi yaro abin da ya koyo, sai ya ce Ticha yana hawa Gobarau ido rufe. Kuma da Hausa yake faɗi. Hausa kuwa muna da ita a gida, ba mu biya kuɗinta ba."

Na fara kame-kame. Ta ɗaga hannu.

"Ga abin da za a yi. Dama kowace shekara muna kai aji ɗaya yawon buɗe ido. Bana ajinka za mu kai Katsina, su ga Gobarau ɗin nan da ta hana mu sakat. Kai ne ɗan gari, kai ne jagora. Ni kuma zan saurara in ji ko akwai Turanci a bakin yaran nan. Abin da na ji ranar, da shi zan yanke maganar baɗi."

Mai hankali a nan zai ce, Hajiya, akwai wata 'yar magana. Ni sai na ce, "Ai Hajiya kamar kin ce in kai ku ɗakina."

Na buga wa Inna waya na ce ta shirya abincin baƙi. Ta ce, "Gobarau kuma? Kai mi ka sani a Gobarau?" Na ce layin ba ya da kyau.

Na so in zo tun ana jibi in leƙa wurin a ɓoye, sai Hajiya ta ɗora mini aikin tattara takardun yara na tsallaka iyaka. Haka ranar ta zo ban leƙa ba. Na ci ado da farar shadda, babbar riga da 'yar ciki da wando, an sha sitaci har tana ƙara in na motsa. Na ce in ma za a kore ni, a kore ni da kwarjini.

Tafiyar ta yi daɗi ƙwarai. Yara suna waƙa tun daga Maraɗi, muka wuce Jibiya suna ƙirga shanu ta taga. Da muka shigo gari na miƙe tsaye a gaban mota ina nuni da hannu kamar mai gidan duka birnin. Matsala ta fara ne da muka shiga cikin tsohon gari. Ga kan hasumiya muna gani sarai, amma hanyar da za ta kai mu gindinta ta ɓace mini. Na ce direba ya yi dama, muka ɓulla wurin masu gyaran keke. Na ce ya yi hagu, muka faɗa lungun da ake shanya dawa, sai da ya yi baya-baya. Muka sake ɓullowa wurin masu gyaran keken nan, har ɗaya ya ɗaga mana hannu.

"Ticha," in ji Rakiya, "mun wuce mai jan keken nan ɗazu."

"Unguwa nake nuna muku," na ce. "Ba a zuwa Gobarau kai-tsaye, sai an gaida unguwa."

Direba, wani dattijo mai haƙuri, ya tsayar da mota. Ya sauke gilashi ya tambayi wata mai tallan gyaɗa, ta nuna masa da leɓe. Minti biyu muka isa.

A bakin wurin muka tarar da wani tsoho mai kula da hasumiyar, yana zaune kan buzu da carbi. Aka gaisa, an zo lafiya, ya hanya, ya iyali, ya mutanen Maraɗi, ya aka baro su. Sai ya ƙura mini ido.

"Kai ba ɗan wajen marigayi mai ɗinkin hula ba ne, na Ƙofar Guga?"

Na ji daɗi har cikin raina. Na waiga na dubi Hajiya, wato kin gani, an san mu. Na ce, "Ni ne, Baba."

"Allah shi ji ƙan shi, mutumin kirki. Ka ga kamar kuwa! To madalla, yau dai Allah ya kawo ka. Ai ku 'yan gari sai baƙi sun jawo ku. Yau ne farkon zuwanka ko?"

Na ƙifta masa ido. Na sake ƙiftawa.

"Mi ya samu idon naka?" ya ce. "Wani abu ya faɗa?"

Allah ya taimake ni yara suna ta hayaniya, ba su ji ba. Hajiya kuwa ta ji. Ta sauke tabarau zuwa kan hanci, ta mayar. A daidai nan Keke Napep ya tsaya, Inna ta fito da kulolin waina da miya da jarkar kunun zaƙi, ita da maƙwabciyarmu. Na ce mata ai da ta jira mu a gida. Ta ce, "In zauna gida, ɗana zai hau Gobarau? Ai sai na gani da idona."

Baba ya ce matakalar ƙasa ce, kuma ƙunci gare ta, don haka yara biyar-biyar za a riƙa hawa da su, shi a gaba, babba ɗaya a baya. Na yi wuf na ce ni zan tsaya ƙasa in kula da sauran. Hajiya ta yi murmushi ta ce, "Haba Malam, mai hawa ido rufe? Ni zan kula da na ƙasa." Yara suka ɗauka, "Ticha! Ticha! Ticha!"

Hawa bai ba ni wuya sosai ba, don bango na ƙura wa ido, ina tattare da babbar riga a hammata, ina karanto duk addu'ar da na iya. Rakiya tana gabana tana cewa, "Ticha, ka rufe idon mana." Na ce sai an jima. Da muka kai sama iska ta bugo ni, yara suka yi ta murna. Birni ya baje a gabanmu, rufin kwano yana walƙiya, ga itatuwan darbejiya, ga hasumiyoyin masallatai, ga tattabaru suna shawagi a ƙasa da mu. Wallahi garinmu yana da kyau, ban taɓa sani ba sai ranar. Na ɗan yi daƙiƙa biyar ina jin daɗin abin.

Sai Rakiya ta ja mini riga. "Ticha, ina Maraɗi? Ina gidanmu?"

Na matsa don in nuna mata wani wuri can in ce hazo ne ya rufe. Garin nuni na dubi ƙasa.

Jama'a! Na hango Inna ta koma kamar 'yar tsana, motarmu kamar gwangwanin madara. Hasumiyar da ta shekara ɗaruruwa a tsaye, ni na ji tana lilo. Na durƙushe, na rungumi bango da hannu biyu, na manna kumatu a jikinsa kamar na ga ɗan'uwan da ya daɗe a tafiya.

Baba ya sauka da yaran, ya dawo ya same ni yadda ya bar ni.

"Taso mu tahi, ɗana."

"Baba, ba zan iya ba."

"To kwana za ka yi?"

"In da hali."

Ya yi lallashi, ya yi nasiha, ya ce tsofaffi masu sanda sun hau sun sauka. Na ce Allah ya ƙara musu lafiya. Ya leƙa ƙasa ya yi kira da muryar da ban san yana da ita ba: "Malamin ya maƙale!"

Ya maƙale! Kamar akuya a katanga. Nan da nan masu wucewa suka fara tsayawa. Masu gyaran keken nan ma sai ga su. Ina jiyo muryar Inna tana cewa, "Ku bar shi, tun yana yaro ko kan jaki aka aza shi sai ya yi kuka." Wani ya ce a kira 'yan kwana-kwana. Wani ya ce a'a, a ɗaure shi da igiya a zuro shi kamar guga. Ni kuwa ina can ina lissafin abin da ya rage mini: aiki ya tafi, mutunci ya tafi, kuma gobe labarin zai riga ni isa majalisa.

Ana cikin haka sai na ji wata 'yar siririyar murya daga ƙasa, ta ratsa duk hayaniyar.

"Ticha! Sit down!"

Rakiya ce. Sauran yaran suka ɗauka baki ɗaya, yadda muke yi a aji. Ban san lokacin da na saki bango na zauna daɓas a kan matakala ta farko ba. Jiki ya saba, ko da yake ni na saba bayar da umarnin.

"Close your eyes!"

Na rufe ido. Baba ya kama mini ƙafa ɗaya ya ɗora a matakala ta gaba, na ja mazaunai na bi ta.

"Wan!" in ji yara ashirin da biyu.

Na sake ja.

"Tu!"

Haka muka yi ta yi. Ni malamin Turanci daga ƙasar waje, cikin farar shadda mai sitaci, ina saukowa daga Gobarau da mazaunai, ido rufe (kun ga ashe rabin maganata ta tabbata), yara suna ƙirga mini. In na tsaya sai su ce in taɓa gwiwa, in taɓa, su ce in ci gaba. Da suka kai ashirin sai aka yi shiru, don iyakar abin da na koya musu ke nan, ni kuma ban iso ba. Na ji Rakiya ta ce, "A sake daga farko!" Suka koma wan. Mutanen gari ma suka shiga ƙirgar, har da Inna, wadda ban taɓa jin ta furta kalmar Turanci ba tunda aka haife ni.

Da ƙafata ta taɓa ƙasa na buɗe ido. Taro ya yi tsit, ana jiran a ga wanda zai fara dariya. Sai Rakiya ta juya ta dubi 'yan ajinsu, ta ɗaga hannu yadda nake yi, ta ce, "Clap for him!"

Suka yi mini tafin nan, mai kiɗa, suka ƙarasa da bugu ɗaya mai ƙarfi. Nan wuri ya ɓarke. Baba ya yi dariya har carbinsa ya faɗi. Ni ma da na rasa abin yi sai na shiga dariyar, hawaye na zuba, ban san na kunya ba ne ko na tsira. Yara suka rufe ni da runguma. Inna ta zagaya bayana ta duba rigar, wadda ta koma ja tun daga kugu har ƙasa, ta ce, "To, ka kwaso tarihi."

Muka baje tabarmi a inuwa aka ci waina. Baba ya ba yara labarin hasumiyar na gaskiya, ni ma na zauna cikinsu na saurara, don ban san ko ɗaya ba. Da aka natsa na je na durƙusa gefen Hajiya, na ce mata ƙarya na yi, ban taɓa hawa ba, kuma lokacin da ya kamata in koyar na ɓata shi wurin cika baki. Na ce duk hukuncin da ta yanke daidai ne.

Ta gama tauna wainarta a hankali, ta sha kunu, ta sauke tabarau.

"Na sani tun a bakin ƙofa," ta ce. "Amma na ji yara sun ba da umarni da Turanci, babu wanda ya sa su, kuma har babban mutum ya bi. Sai dai ƙirgarsu ta tsaya a ashirin, Malam. Wannan abin kunya ne. Baɗi ka kai su ɗari."

Sai da ta miƙe ta kakkaɓe zaninta sannan na gane abin da ta ce.

Ranar Litinin na tsaya gaban aji na nemi gafararsu. Na ce ƙarya ba kyau, ko malami ne ya yi ta, kuma ba a hango Maraɗi daga Gobarau. Suka ce sun yafe. Rakiya ta ɗaga hannu.

"Ticha, to kadan da ka ce ka kama da hannu a Madarumfa fa?"

Na ce ta buɗe littafi shafi na tara.

Yanzu shekarata uku a makarantar, yarana suna ƙirga har ɗari, kuma duk hutun da na zo gida nakan je in gaida Baba, in hau matakala bakwai in sauko da ƙafafuna. Abin da na koya shi ne, mutum ya fara zaga garinsu kafin ya je ɗaukar hoto da dutsen wasu. In kuma Shaiɗan ya matsa maka sai ka cika baki, to kada ka cika shi a kan abin da mota ke kaiwa cikin awa biyu, kuma kada ka yi a gaban Rakiya.